Tarihin Ƙungiyar Busch, Kashi na 4: Daga Berlin zuwa Abbey Road

A makon jiya, a tarihin wannan ƙungiya ta masu goge huɗu da Adolf Busch ya jagoranta, mun tsaya a 1930, shekarar da Paul Grümmer ya bar kujerar celo, Hermann Busch, ƙanin Adolf, ya gaje shi. Daga nan ƙungiyar ta tsaya a kan mutum huɗun da duniya ta fi saninta da su: Adolf Busch a biyolin ta farko, Gösta Andreasson ɗan ƙasar Suwidin a ta biyu, Karl Doktor mutumin Biyana a biyola, wadda ta ɗan fi biyolin girma, sai Hermann a celo, babban gogen nan da ake jingine shi tsakanin gwiwoyi.

Sauya mutum ɗaya a irin wannan ƙungiya babban aiki ne, kuma matsalar tana farawa tun daga ɗaurin tsirkiya. Kowane goge tsirkiya huɗu gare shi. Na biyolin su ne G, D, A da E. Na biyola C, G, D da A, celo ma haka, sai dai muryarsa ta fi kauri da hawa guda cur. Kowa yana fara daidaita A, sannan ya bi sauran da kunne, tsirkiya biyu-biyu, har sai rawar da ke tsakanin sautin biyu ta kwanta. To ga inda gizo ke saƙar: idan aka ɗaure kowace tazara tsaf yadda kunne ke so, sai C ta celo ta yi nisa da E ta biyolin fiye da kima, da kusan kashi ɗaya cikin biyar na rabin mataki. Kaɗan ne a lissafi, amma da an haɗa su a sauti ɗaya sai ka ji tsami. Maganin shi ne mai celo da mai biyola su ɗan ɗaga G da C ɗinsu, sauran kuma a gyara da yatsa yayin kiɗa. Yawan ɗagawar ba a rubuce yake ba, kunnuwan mutum huɗu ne ke yarjejeniya a kai, shi ya sa baƙo kan daɗe kafin ya zauna daidai a cikinsu.

Ga kuma tsirkiyoyin zamanin, waɗanda akasarinsu na hanjin tumaki ne, masu kaurin a naɗe su da zaren ƙarfe. Suna da daɗin murya, amma ba sa jure sauyin yanayi. Ɗaki ya yi ɗumi ko laima, sai su saki, a sake ɗauri.

Da wannan kayan aiki suka shiga ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road a Landan a 1932, shekara guda bayan buɗe shi, suka fara yi wa kamfanin HMV faya-fayai. Wanda ya saba da ɗaukar sauti a waya zai yi mamakin wahalar abin. Makirufo yana kai sautin ga wata allura da ke yanka layi a kan faifan kaki mai kauri, wanda ake ajiyewa da ɗumi don ya yanku sumul. Faifan yana juyawa sau 78 a minti, kuma fuska ɗaya ta faifai mai faɗin inci 12 ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti huɗu da rabi ko kusa da haka. Babu yankewa, babu liƙi. Mutum ɗaya ya yi kuskure a minti na huɗu, an yi asarar kakin, a koma farko. Ba a kuma iya sauraron kakin da ake son ajiyewa, domin allurar sauraro za ta lalata shi. Sai an kai masana'anta an yi faifan gwaji, bayan kwanaki, sannan su ji abin da suka yi. Ƙarar da ta yi yawa ita ma matsala ce: allurar takan yi lilo har ta faɗa layin da ke kusa.

Ɗauki kiɗan Beethoven mai lamba 131, wanda suka ɗauka a 1936. Sassa bakwai ne da mawallafin ya tsara a kaɗa su a jere ba tsayawa, kusan minti 40. Dole aka datsa shi fuska goma, faifai biyar. Ke nan sau tara ana tsayawa a inda ba a yi nufin tsayawa ba, a sa sabon kaki, a jira alama, sannan su ci gaba da gudu ɗaya da ƙarfin murya ɗaya, kamar ba a taɓa katse su ba. Mai sauraro a yau, da aka haɗe fuskokin, da ƙyar zai gane wurin ɗinkin. A ganina wannan kaɗai ya isa shaida kan irin horon da suka yi wa kansu.

Inda suka fi fice shi ne sassa masu tafiyar hawainiya. Adolf yakan ja su a hankali ƙwarai, abin da ke da haɗari, domin izgar biyolin ba ta wuce kimanin santimita 75 ba. Idan aka ja ta a hankali aka danna da yawa, sauti ya shaƙe ya yi ƙara. Idan aka sassauta da yawa, ya zama iska. Kuma in duk huɗun suka juya izga lokaci guda sai a ji rami a tsakiyar dogon sauti, don haka akan raba wurin juyawar, wannan ya juya yayin da wancan ke tsakiyar ja. A saurari sashe na uku na kiɗan Beethoven mai lamba 132, wanda suka ɗauka a 1937, za a ji abin da ake nufi.

Ana cikin wannan aiki Jamus ta juye. Hitler ya hau mulki a ƙarshen Janairun 1933. A watan Maris 'yan Nazi suka kori Fritz Busch, yayan Adolf da Hermann, daga jagorancin gidan opera na Dresden. Ranar 1 ga Afrilu, ranar da aka ƙaurace wa shagunan Yahudawa a faɗin Jamus, ƙungiyar tana Berlin tana wasa. Bayan abin da ya gani a titi, Adolf ya soke duk wasanninsa na Jamus.

Ya kamata a fahimci cewa shi ba korarsa aka yi ba. Ba Bayahude ba ne, haifaffen garin Siegen na Jamus ne, kuma sabuwar gwamnatin ta so ƙwarai ta riƙe shi a matsayin abin alfaharinta. Amma Doktor yana da asalin Yahudawa, matar Hermann Bayahudiya ce, haka ma Rudolf Serkin, mai kaɗa piyano da suke aiki tare tun 1920, wanda ya auri 'yar Adolf, Irene, a 1935. Zama a Jamus yana nufin rabuwa da waɗannan mutane, ya kuma ƙi. Abin da ya sauƙaƙa masa shi ne tun 1927 ya koma Basel da zama, a 1935 kuma ya zama ɗan ƙasar Suwizalan. Duk da haka ya rasa babbar kasuwarsa, ƙasar da kusan kowane gari ke da zauren kiɗa da masu sayen tikiti.

Sai Ingila ta zama madogara. A 1936 suka ɗauki kiɗan Schubert mai suna Mutuwa da Budurwa, a 1937 suka haɗu da Reginald Kell, mai busa kilarinet, a kan kiɗan Brahms na mutum biyar. Italiya ma ta riƙe su na ɗan lokaci, har 1938 da Mussolini ya kafa dokokin wariya a kan Yahudawa, Adolf ya daina zuwa can ma. A shekarar ce ya taimaka aka kafa bikin kiɗa na Lucerne a Suwizalan tare da Toscanini, shahararren jagoran makaɗa ɗan Italiya.

A 1939 yaƙi ya ɓarke, Adolf ya nufi Amurka, sauran ukun kuma suna warwatse a Turai. Yadda suka sake haɗuwa a New York, da faifan kiɗan Beethoven mai lamba 130 na 1941, shi ne za mu ɗauko a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.