Abin da taron addu'ar tsakar gida ya koya mini a Damagaram

Tabarma tara na aro ranar taronmu na farko na addu'ar haɗin kan Kiristocin majami'u dabam-dabam, a tsakar gidan wata gwauruwa a Sabon Gari. Kafin a kai ga addu'ar rufewa, uku daga ciki babu kowa a kansu. Ba faɗa aka yi ba, ba wanda ya ɗaga wa wani murya. Mutane ne suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya laluba takalminsa a bakin zaure ya kama gabansa. Ni da na kwana uku ina tsara yadda taron zai gudana a takarda, na koma gida raina a jagule, ban ma san inda na kuskure ba.

Ni malamin lakwal ne, ban taɓa zama a makarantar fastoci ba. Na tashi a ikilisiyar bishara, wadda tushenta ke komawa ga 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) da suka fara aiki a garin nan a 1924, lokacin Damagaram ce hedkwatar ƙasa, kafin Turawan Faransa su mai da ita Yamai a 1926. Kiristocin Nijar gaba ɗaya ba mu kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, a Damagaram kuwa ɗan tsiraru ne mu. Amma duk da ƙarancinmu, gida-gida muke: ga 'yan Katolika, ga mu 'yan EERN, wato ikilisiyar bisharar nan tamu, ga masu bin tafarkin Fentikos, ga ƙananan majami'u na baƙi daga Najeriya da Benin da Togo. Mukan haɗu a kasuwa ko asibiti mu gaisa, mu tambayi iyali, amma ban taɓa jin muryar ɗan Katolika yana addu'a ba sai da na haura shekara talatin.

Abin da ya fara haɗa mu ba abin daɗi ba ne. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, bayan zanga-zangar da aka yi kan zanen ɓatancin wata jaridar Faransa, aka cinna wa majami'un garin nan wuta, aka yi asarar rayuka, washegari abin ya kai Yamai. Mu maƙwabcinmu ne, musulmi, ya shigar da mu ɗakin matarsa ya tsaya a ƙofa, ba zan manta masa ba har in koma ga Allah. Daga baya muka tarar da 'yan'uwa da dama a barikin soja inda suka fake. A can ba wanda ya tambayi wani majami'arsa. Da dare wani ya ɗauko waƙa, wanda ya iya ya amsa, wanda bai iya ba ya yi gunguni yana bi. Tun daga lokacin abin ya tsaya mini a rai: me ya sa sai an koro mu za mu zauna tabarma ɗaya?

Kuskurena shi ne na ɗauka abin da tsoro ya haɗa a dare ɗaya, zaman lafiya ma zai haɗa shi haka nan ba tare da wahala ba. Na aika saƙo ta waya ga duk Kiristan da na sani, na aro amsa-kuwwa, na ce kowa ya yi yadda Ruhu ya bishe shi. Wani ɗan'uwa ya karɓi makirfo ya ce kowa ya ɗaga murya lokaci guda, nan take tsakar gida ta ɗauka, wasu na addu'a da harsuna, wasu na tafi. 'Yan Katolika suka yi tsit, hannuwa a kan cinya. Da abin ya lafa, wata dattijuwa daga cikinsu ta ciro carbinta ta fara gaisuwar Maryamu a hankali, sai namu suka sunkuyar da kai suna kallon ƙasa. Daga nan wani matashi ya yi wa'azi mai tsawo, ya rufe da sanar da lokacin sujada a majami'arsu. A nan ne aka fara neman takalma.

Bayan kwana biyu na je gaida wani tsohon fasto da ya yi wa mahaifina baftisma. Na zayyana masa komai, ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ɗana, wa ka gaya wa kafin ka tara mutanen nan?" Na ce, "Baba, kowa na aika wa saƙo." Ya ce, "Tumaki ka aika wa. Makiyayan fa?" Na yi shiru. Ya ce, "Ko gidan ƙaninka za ka shiga, sai ka yi sallama."

Wannan magana ita ta canja mini aikin gaba ɗaya. A da ina ganin tsoron satar tumaki ƙanƙantar zuciya ce kawai. Sai da na zagaya na gane ba haka abin yake ba. Majami'ar da ke da mutum talatin, idan gida ɗaya ya fita, an rasa mai buga ganga, an rasa malamar yara, an rasa wani ɓangare na kuɗin haya. Faston da ya shekara goma yana ziyartar iyali, ya yi musu jana'iza, ya ɗaura musu aure, yana da hakkin ya san inda ake kiransu da yamma da abin da za a faɗa musu a can. Wata biyu na yi ina bin shugabanni ɗaya-ɗaya a kan kabu-kabu, bayan an tashi daga lakwal. Wani sai na je sau uku kafin mu kai ga maganar, zuwan farko da na biyu gaisuwa ce da shan ruwa. Ban ɗauki wannan ɓata lokaci ba yanzu. Rabin taron a waɗannan zaurukan aka yi shi.

Wurin firist na Katolika na fi jin nauyin zuwa, kuma a can na fi ƙaruwa. Na zaci zai ce dokarsu ta hana. Sai ya nuna mini cewa tun babban taron Vatikan na biyu, a takardar da aka fitar a 1964, ikilisiyarsu ta ƙarfafa yin addu'a tare da sauran Kiristoci. Shi ya fara gaya mini akwai makon addu'ar haɗin kan Kirista da ake yi daga 18 zuwa 25 ga Janairu, wanda asalinsa ya koma 1908. Na lissafa a raina, kwana biyu ke nan bayan ranar da aka ƙone mana majami'u. Amma ya ce mini abu guda ba zai yiwu ba, kuma gara in ji daga bakinsa: Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada. Mutanensa ba za su karɓa a hannunmu ba, shi ma ba zai ba namu ba.

Maganar ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. A tsarin da na rubuta tun farko, da Jibi na so mu riƙa rufewa, don a ganina babu alamar zama ɗaya da ta fi gutsura gurasa ɗaya. Na yi kwanaki ina juya abin. Daga baya na gane cewa da na matsa, da na sa dattijuwar nan mai carbi ta zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ta saɓa wa lamirinta don ta faranta mini, ko ta ƙi karɓa a gaban jama'a ta zama kamar ita ce mai raba kan mutane. Ba ni da ikon ɗora wa kowa wannan kaya. Abin da Katolika suka gaskata game da gurasa da ƙoƙon ya bambanta da abin da aka koya mini, kuma bambancin na gaske ne, ya girmi kakanninmu, ba a tsakar gidan Sabon Gari za a warware shi ba. Muka bar Jibi ga kowace majami'a. Har yau idan muka tashi ba tare da shi ba ina jin giɓin, kuma ina ganin daidai ne in ji shi.

Wa'azi ma muka ajiye shi. Ana karanta nassi da Hausa, a maimaita da Faransanci saboda ma'aikata da ɗalibai baƙi, sai a yi shiru. Ba a karɓar baiko, wato kuɗin da ake bayarwa a sujada, ba a sanar da taron wata majami'a, ba ma taɓa safiyar Lahadi, kuma gidan da za a taru yana zagayawa, wannan wata na ɗan Katolika, wata mai zuwa na ɗan Fentikos. Da fastoci suka ga babu faranti kuma babu mumbari, yawancinsu hankalinsu ya kwanta.

Maganar ƙara da shiru ita ta fi ba ni wuya, kuma dattijuwar nan ce ta buɗe mini ido. Na je ba ta haƙuri, na ce, "Inna, hayaniyar ce ta kore ku ko?" Ta ce, "A'a ɗana. Mu ma muna da ganga. Ban san yaushe za a gama ba ne, ban kuma san ko ni ma ana jira in yi ba." Ashe abin da ke korar mutum shi ne a jefa shi cikin abin da ba a gaya masa ba. Yanzu mai jagora yakan faɗa tun farko: za mu yi minti biyar kowa ya ɗaga murya yadda ya saba, wanda bai saba ba ya zauna cikin salama, ba laifi, bayan haka za mu yi minti biyar ba mai cewa uffan. Na ga ɗan'uwan da ya karɓi makirfo a taron farko yana zaune cikin wannan shirun hawaye na bin fuskarsa. Ya ce mini bai taɓa yin shiru a gaban Allah tare da mutane ba. Gaisuwar Maryamu kuwa, 'yan Katolika da kansu suka ce za su bar ta sai sun koma gida, kamar yadda masu harsuna suka yarda ba za su yi a makirfo ba. Kowa ya ajiye wani abu da yake ƙauna a bakin zaure, kuma ina ganin ya kamata a riƙa faɗin haka a fili, kada wani ɓangare ya zaci shi kaɗai ya yi sadaukarwa.

Akwai ƙananan abubuwa da ba wanda zai gaya maka sai ka yi tuntuɓe da su. Wata rana na ce a buɗe Zabura 23, wani ɗalibi ɗan Benin ya tashi da littafin sujadarsu na Faransanci ya karanta wata Zabura dabam. Ashe a lissafin da suke bi a sujada, wadda muke kira 23 ita ce 22. Tun daga ranar nakan faɗi farkon Zaburar tare da lambarta. Waƙa kuma gajeru muke zaɓa, masu amshi, waɗanda mutum zai kama a ji na biyu. Matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a, su ne gwanayen wannan, da tulunsu da cakinsu.

Maƙwabta fa, ba a maganar taro a Damagaram a manta da su. Amsa-kuwwar nan ban ƙara aro ta ba. Muna farawa bayan la'asar, mu tashi kafin kiran magariba, don kada muryarmu ta haɗu da ta ladan, kuma mata su isa gida da sauran haske. Duk gidan da za a taru, mai gidan yakan je ya gaida mai unguwa da maƙwabtan dama da hagu, ya ce baƙi za su zo addu'a. Wannan hakkin maƙwabtaka ne, ko da babu abin da ya taɓa faruwa. A wata unguwa, maƙwabci musulmi ne ke ba mu aron benci biyu, yaransa ke kawowa.

Laifin da na fi jin kunyarsa shi ne na ruwa. Kowa ya san yadda ruwa yake a garin nan, musamman da bazara. Gwauruwar da ta fara karɓar mu sau uku tana sayen ruwa wurin 'yan garuwa da kuɗinta, ta dama kunu, ta soya fanke, ban taɓa tambaya ba. Ina can ina tunanin nassi da waƙa. 'Yarta ce ta gaya wa matata cewa ranar taro sai sun rage na wanki. Da na hana baiko na ɗauka na kawar da maganar kuɗi, ashe na sauke ta ne a kan mace ɗaya. Yanzu kowane gida yakan zo da abin da ya samu, wani jarkar ruwa, wani sukari, wani gawayi, kuma mata biyu daga majami'u dabam-dabam ke lura da wannan, su ne kuma ke faɗin gidan da bai kamata a ɗora wa taro a wannan watan ba.

Ba kowa ya yarda ba. Akwai faston da har yau yake ganin yin addu'a da 'yan Katolika sassauci ne a kan gaskiya, ya faɗa mini haka ido da ido, ya kuma hana mutanensa zuwa. Ban yarda da shi ba, amma ban taɓa zagayawa ta bayansa in kira mutanensa ba, kuma duk Kirsimeti ina zuwa gaishe shi. Akwai watannin da mutum bakwai kawai ke zuwa. Akwai waɗanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Maraɗi ko Agadas, aka rasa mai maye gurbinsu.

Da Addu'ar Ubangiji muke rufewa, ita ce abin da kowa ya haddace tun yana yaro. A nan ma akwai ɗan bambanci. 'Yan Katolika sun saba tsayawa a wurin roƙon a cece mu daga mugun, mu kuwa mukan zarce zuwa mulki da iko da girma. A farko sai muryoyi su rabu, rabi su yi shiru, rabi su ci gaba da sauri kamar masu jin kunya. Ba wanda ya kafa doka a kai. A taron Janairun da ya wuce, hunturu na busawa, kowa ya dunƙule cikin mayafi, muka kai wurin, sai na ji namu sun ɗan dakata, numfashi ɗaya, su kuma suka ɗauka tare da mu har zuwa amin. Inna na gefena da carbinta a naɗe a hannu. Da aka tashi ta ce, "Ɗana, wata mai zuwa gidana ne, ka gaya wa yaran nan su zo da wuri su share tsakar gida." Na ce to, Inna, na shiga naɗe tabarmi don in mayar wa masu su kafin a kira magariba.