Wasiƙa daga Chennai: ruwan da muke korawa kwata

Assalamu alaikum, 'yan uwana na Kaduna. Ina lafiya, karatu yana tafiya. Masu tambayar abincin Indiya da wahalar takardun zama, ku ɗan yi haƙuri. Hoton da ƙanina ya turo daga Rigasa ne ya hana ni barci: ruwan Agusta ya sake cin kwazazzabon bayan gidanmu, saura taku kaɗan ya kai katanga. A gidan namu kuma, da Maris ta yi, jarka muke saye wajen 'yan garuwa.

Ranar da na kama haya a nan, na ga bututu ya sauko daga rufi ya nutse cikin ƙasa a tsakar gida. Na tambayi dattijon mai gidan, sai ya ɗaga murfi ya nuna mini rami cike da duwatsu, tsakuwa da yashi. Ruwan rufi yana tacewa a ciki, ya gangara ya ciyar da rijiyarsa. Tun 2003 gwamnatin jihar Tamil Nadu, inda Chennai take, ta wajabta wa kowane gini irin wannan. Ba wai sun tsira ba ne. A 2019 madatsun birnin sun ƙafe har sai da jirgin ƙasa ya riƙa kawo ruwa daga garin Jolarpettai. Amma dattijon ya ce rijiyarsa ta fi ta maƙwabtan da suka bar raminsu ya toshe jimiri.

Na zauna na yi lissafi, raina ya ɓaci. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita guda ce. Kaduna tana samun sama da milimita 1,000 a shekara. Kenan kwanon gida mai murabba'in mita 100 yana zubar da fiye da lita 100,000, jarka 4,000 mai lita 25. Duk muna sakinsa ta indararo, ga tsakar gida mun shafe da siminti, ruwa bai da inda zai tsaya. Ya fita titi da gudu, ya kwashe ƙasar maƙwabci, ya je ya cika Kogin Kaduna, mutanen Kigo Road da ke bakin kogin su kwana a tsaye. Sai rani ya zo mu ce burtsatse ta janye.

Abin da ya fi taɓa ni, ciyawar da ake dasawa a nan don riƙe gaɓa, wadda sunanta vetiver ya fito daga Tamilanci, harshen mutanen nan, 'yar uwar jemar nan ce tamu ta fadama. Kakanmu ma gamba yake jerawa a iyakar gona, ruwa ya rage gudu, ƙasa ta zauna. Na gaya wa ƙanina ya nemo jema ya dasa layi-layi a bakin kwazazzabon, ya haƙa rami irin na dattijon nesa da masai, ya bar ruwan farko ya wanke kwano kafin ya tara a tanki. Ruwan wanke-wanke kuma ya juya shi gindin ayaba.

Abinci dai shinkafa ce safe da dare, ina kewar tuwo da miyar kuka. Maganar takardu sai wasiƙa ta gaba. A gaida Hajiya, a ce mata na turo kuɗin bututun da zai sauko da ruwan rufi.