Zuwa ga 'yan uwa na Maraɗi, kan maganar Gulbi da Baban Rafi

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Ina gaishe ku daga Pitsbag ta Amurka, da fatan damina ta yi albarka.

Garin nan da nake zaune ya sha ambaliya a 1907, bayan masu katako sun aske duwatsun da kogunansa ke gangarowa daga cikinsu. A 1911 majalisar ƙasar ta yi dokar Weeks, wadda ta ba gwamnati ikon sayen filaye a mafarin koguna ta mayar da su daji. Haka aka samu gandun dajin Monongahela, a mafarin ɗaya daga cikin kogunan garin nan, a 1920. A 2021 kuma suka cire iyakar dala miliyan 30 da aka ɗora wa asusun sake dasa dazukan gwamnati, domin gobarar daji ta fi ƙarfin kuɗin.

Ba wai mu a Nijar ba mu da doka ba. Akwai dokar daji ta 2004, akwai ta ruwa ta 2010, a garinmu ma aka yi babban taron yaƙi da hamada na 1984, zamanin Shugaba Seyni Kunce. Sassaben zamani kuwa, barin tsiron kututture ya girma a gona, a ƙasar Maraɗi ya kafu kafin duniya ta ara, kuma tun 2020 doka ta tabbatar wa manomi haƙƙin icen da ya rena. Shi ya sa gawo ya dawo gonaki: mai shi yana tsaronsa.

Wa ke tsaron abin da ba na kowa ba? Dajin Baban Rafi, bakin tabkin Madarunfa, da koramun da ke kwararo yashi cikin Gulbi. In tudu ya zama fako, ruwa ba ya nutsewa, gudu yake yi ya faɗo gari. Kakanninmu sun gani a 1945, har aka tayar da gari daga fadama zuwa tudu. Mu ma mun gani a ƙarshen Agustan 2024, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Bayan kowace ambaliya a kan raba shinkafa da barguna, madalla, amma koramar da ta kawo ruwan tana nan tana ƙara faɗi.

Abin da nake roƙo ku nema wurin hukuma shi ne a rubuta cikin doka cewa duk inda ambaliya ko gobara ta ci, wani kaso na kuɗin agaji zai tafi ga gyaran tudu: jera duwatsu, haƙa ramukan rabin wata, da biyan mutanen ƙauye su tsare shuka har ta fi ƙarfin akuya. Dashen itatuwan da ake yi kowace shekara ranar 3 ga Agusta kaɗai ba ya isa.

Kuma Gulbi daga Najeriya yake fitowa, ta madatsar Jibiya. Dole a zauna da Katsinawa, dangi ne, a san ranar da za su saki ruwa.

Naku, ɗan Maraɗi a Pitsbag.