Horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye a ƙasar Adar

Na yi shekaru ina cikin masu horar da ma'aikatan lafiya na karkara a jihar Tahoua, musamman waɗanda ake turawa ƙananan gidajen lafiya na ƙauye da ake kira kaz, da kuma 'yan sa-kai da ke bin gida-gida, waɗanda aka fi sani da rele. An soma gina waɗannan kaz da yawa ne tun daga 2001, ƙarƙashin shiri na musamman na shugaba Tandja Mamadou, sannan a 2006 gwamnati ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijar ta sauka daga 226 cikin 1000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Ginin kaɗai bai yi wannan aikin ba, domin ɗaki ba ya duba marar lafiya, sai an sami mutumin da ya san abin da yake yi a cikinsa.

Wahalar farko tana wajen zaɓen wanda za a horar. Adar ƙasar 'yan ci-rani ce, da zarar an gama girbi samari sai su kama hanyar Abijan ko Libiya ko Najeriya, kuma na ga ƙauyukan da aka horar da yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, kafin damina ta zagayo ya bar jakar magani a hannun ƙanensa. Saboda haka nakan roƙi maigari ya tara jama'a su fitar da wanda suka amince da shi, nakan kuma ce masa: "Ranka ya daɗe, mun fi son wanda zai kwana a garin nan ko da karatunsa kaɗan ne." Matar aure mai 'ya'ya, wadda ta taɓa zama lakkol ko da na 'yan shekaru ne, ta fi kowa daɗewa a aikin, kuma tana shiga gidajen da namiji ba ya wuce zaurensu.

Takardun horon da Faransanci suke zuwa, mu kuwa da Hausa muke koyarwa, sai idan aikin ya kai mu wajen Abalak ko Tchintabaraden mu nemi mai Tamashek ko Fulatanci. Amma ko da wane harshe aka yi bayani, abin da hannu bai yi ba ba ya zama. Ƙidayar numfashi ita ce misalin da ya fi bayyana. A allo abin ba wuya: yaro daga wata 2 zuwa wata 11, idan ya yi numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya, ana zaton ciwon huhu, daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40. A ɗakin majo na CSI kuwa, wato gidan lafiyar da ke sama da kaz, yaron yana kuka, uwar tana jijjiga shi, ɗalibi yana duba agogo yana duba ciki har lissafi ya ɓace masa. Sai mu koya masa ya ce: "Inna, ba shi mama ya yi shiru tukuna," ya jira har yaro ya natsu, ya ɗaga rigar a hankali, ya kafa ido wuri ɗaya har minti ya cika. Ba mu barin ɗalibi ya wuce wannan darasi sai ƙidayarsa ta yi daidai da ta malami a kan yara da dama. Haka muke yi da zaren awon damtse: ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, kuma ɗan matsawa kaɗan ko sassautawa yana iya mayar da ja ya koma rawaya.

Darasin da na fi ba lokaci shi ne sanin iyaka. Ma'aikacin ƙauye yana iya gwada jini da ɗan gwajin gaggawa ya ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, yana iya ba da ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinki ga mai zawo, da amoksisilin ga mai saurin numfashi. Yaron da ya kasa shan mama, ko yake amar da duk abin da ya sha, ko yake jijjiga, ko ya suma, ba nasa ba ne, sai a nemi amalanke ko kabu-kabu a kai shi CSI ba tare da jiran gari ya waye ba. Faɗin haka a aji ba shi da wuya, amma a gari ana kiransa likita, kuma uban yaro zai tsaya masa a kai yana cewa a yi allura kawai. Don haka muke shirya ɗan wasan kwaikwayo, ɗaya ya zama uba mai gardama, ɗaya ma'aikaci, har bakinsa ya saba da cewa a'a cikin ladabi. Wanzamai da ungozomai ma ba mu mayar da su abokan gaba, domin su ake fara kira idan jariri ya ƙi mama, kuma wanda aka girmama shi ne ke turo marar lafiya da wuri.

Bayan an raba takardun shaida ne aikin gaske yake somawa. Wanda aka bari watanni babu mai leƙa shi yakan koma ba da magani da ka, ya daina gwaji. Idan na je duba aiki ba na farawa da rajista, nakan zauna gefe in kalli yadda yake karɓar marar lafiya, gyaran kuma sai bayan mutane sun watse, don kada a rage masa ƙima a idon garinsa. Lokacin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 sau ɗaya a wata daga Yuli zuwa Oktoba, nakan bi wasu gidaje in tambayi iyaye mata inda ƙwayoyin da aka bar musu na rana ta biyu da ta uku suke. Inda na tarar da su ƙulle a bakin zane ba a ba yaro ba, nakan koma wurin relen unguwar mu sake bayanin tare, a tsakar gidan, uwar tana ji.