Abin da koyar da "come in" da 'yan uwansa ya koya min

Cikin duk abin da nake koyarwa a ajin Turanci babu wanda yara suka raina kamar ƙananan kalmomin nan da Turawa ke kira phrasal verbs, wato aikatau da wata 'yar kalma ta biyo shi suka haɗu suka ba da ma'ana ɗaya, kuma wallahi babu abin da yake kayar da su a jarrabawa kamar su. Yaro zai haddace maka "procrastinate" yana ta alfahari, amma ka ce ya bambance maka "get in" da "give in" sai ka ga ya fara sosa ƙeya. Waɗanda suka shafi shiga ciki nake so in yi magana a kai, masu ɗauke da "in" ko "into", don su na fi daɗewa ina fama da su da 'yan ajin ƙarshe masu shirin WAEC da NECO, kuma su ne suka sa na canza yadda nake koyarwa.

Bahaushe yana da wata dama a nan da bai ma san yana da ita ba. Muna cewa shiga muna cewa shigo, kuma ko ƙaramin yaro in yana cikin ɗaki aka yi sallama ba zai ce "shiga" ba, shigo zai ce, saboda wannan o ɗin na ƙarshe yana nuna abin wajen mai magana yake tahowa. Haka fita da fito, haka kai da kawo. Toh ai bambancin "go in" da "come in" kenan, babu ƙari. Kana zaune a ofis aka ƙwanƙwasa, "come in" za ka ce, in kuma kai da abokinka kuna tsaye a waje kana tura shi ya shiga to "go in" ne. "Bring it in" shigo da shi, "take it in" shiga da shi. Tun da na koma buɗe darasin da tambayar ina mai maganar yake tsaye, ciki ko waje, sai na ga yaran da ba sa ɗaga hannu su ne ke rige-rigen amsawa, don abu ne da suka taso da shi a bakinsu.

"Get in" kuma yana da ɗan ƙamshin wahala a jikinsa, mutum ya samu ya shiga ne, shi ya sa ake cewa "the door was locked, I couldn't get in". Shi ake amfani da shi wa ƙaramar mota da tasi, "get in the car", amma bas da jirgin ƙasa da jirgin sama "get on" ne, babur da keke ma haka. In maigadi ne ya buɗe maka ƙofa "he let me in". A tasha dai "enter motor" za ka ta ji kuma kowa ya gane, amma ban yarda ɗalibina ya sa shi a takardar jarrabawa ba.

Inda makin yake zubewa sosai wuri biyu ne, kuma na gaji da ganin jan biro a kansu. Na farko "in" da "into". A irin su "break in" da "move in", in ba ka ambaci wurin ba "in" ya wadatar, "thieves broke in last night", ɓarayi sun fasa sun shiga, amma da zarar ka kira sunan wurin sai ya koma "they broke into the shop". Amarya ta tare, "she has moved in", ta tare a sabon gida, "she has moved into the new house". Sai kuma yara su ɗauki wannan "into" su liƙa wa "enter", su rubuta "he entered into the class", alhali shi "enter" ya riga ya haɗiye ma'anar ciki, "he entered the class" kawai ake cewa, sai fa in maganar yarjejeniya ce ake cewa "enter into an agreement". Na biyu shine inda wakilin suna yake zama. Za ka iya cewa "hand in your scripts" ko "hand your scripts in", duka daidai ne, amma in ka ce "them" to dole ya shiga tsakiya, "hand them in", ba "hand in them" ba. Haka "let him in", haka "plug it in". Wannan ba abin haddar ƙa'ida ba ne, maimaitawa ake da baki har kunne ya saba, ya zama in an faɗi ba daidai ba kai da kanka za ka ji wani iri.

Daga nan sai ma'anar ta fara tafiya nesa da ƙofa da ɗaki, kuma nan ne abin ya fi min daɗi. "Step in" shiga tsakani ne, kamar dattijo ya shiga rigimar 'yan unguwa. "Cut in" katse wa mutum magana, ko direba ya yanko ya shiga gabanka a titi. "Chip in" karo-karo, kowa ya jefa nasa. "Drop in" ka biya wajen mutum ba tare da ka sanar ba. "It hasn't sunk in yet" wato labarin bai gama zama a zuciya ba, ana yawan faɗinsa in an yi rasuwa ko an samu wani babban abin farin ciki kwatsam. Duk waɗannan in ka duba da kyau za ka ga shigar tana nan. Amma akwai irin su "give in", miƙa wuya bayan an yi ta matsa maka, wanda gaskiya hoton shiga ba ya fitowa sosai, kuma ina ganin kuskure ne malami ya tsaya yana ƙirƙiro bayanin dole, gara ka ba yaro jimla mai kyau ya riƙe, "he refused at first but later gave in", shikenan.

Akwai kuma Turancinmu na Najeriya, wanda ni ba na raina shi ko kaɗan, namu ne kuma yana biya mana buƙata. Amma ya kamata yaro ya san inda ya tsaya. A nan in aka ce "she has taken in" kowa ya san ta samu juna biyu, a Ingila kuwa ba za a fahimce ka haka ba, can "I was taken in" yana nufin an yaudare ni, tela kuma in ya yi "take in" na riga to rage mata faɗi ya yi. Muna cewa "we packed in" wato mun tare a gida, su kuma "pack it in" a bakinsu daina abin da kake yi ne. Ka ɗauki ma'aikaciyar jinya da ta ci jarrabawar Turanci ta IELTS ta tafi aiki Ingila, irin waɗannan ne za su fara ba ta matsala da marasa lafiya, ba manyan kalmomin likitanci ba.

Abin da ke damuna har yanzu shine yadda muka taso muna ganin babbar kalma ita ce iya Turanci. Kalmomi irin "enter" da "submit" da "admit" ta hanyar Faransanci da Latin suka shigo Turanci, bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya sa suka fi zama a kotu da ofis da wasiƙar hukuma, su kuwa "come" da "go" da "let" da "in" tsofaffin 'yan gida ne da ake hira da su kullum. Duka biyun suna da wurinsu, a wasiƙar neman aiki ka rubuta "submit", amma malami a aji "hand in" zai ce. Kuma ko ba ka so sai ka haɗu da su, a filin jirgin Malam Aminu Kano "check in" za ka yi, a ɗakin jarrabawar JAMB sai ka yi "log in" kafin tambaya ta fito a kwamfuta, a banki a miƙo maka fom a ce "fill in", wanda mutanen Amurka sun fi cewa "fill out" kuma abu ɗaya ne.

Yanzu na daina ba da dogon jeri a haddace. Aikin gidan da nake bayarwa shine kowa ya rubuto min yadda ya yi daga ƙofar gidansu har ya zauna a kujerarsa ta aji, wa ya buɗe masa get, me ya hau, wa ya katse masa magana a hanya, wane aiki ya miƙa, ba tare da ya yi amfani da "enter" ko "submit" ko sau ɗaya ba, washegari kuma kowa ya tashi ya karanta nasa da ƙarfi 'yan aji su gyara masa kafin ni in sa baki.