Lissafin da ya ƙi fita a ajin reno

Na yi shekaru ina riƙe da littafin kuɗi a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Kano, mai ajin reno da na nazare. Babban abin da aikin ya koya mini shi ne, duk inda aka ce reno na da araha, akwai wadda take biyan cikon da jikinta, kuma mai renon ce.

Tsarin ilimi na ƙasa ya ce mai reno ɗaya ta riƙe yara goma. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. In za a biya ta haka, kowane uba zai kawo Naira 7,000 duk wata don albashinta kaɗai, ba a zo maganar haya, ruwa, sabulu da man janareta ba. Da yawa daga cikin iyayen yaranmu malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya, su ma albashin ba ya kai su ƙarshen wata, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ka ƙara kuɗi su kwashe yaransu, ka bar shi yadda yake albashi ya tsaya cak. Dokar mafi ƙarancin albashin ma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin irin makarantunmu a nan suka faɗo.

Sai masu makaranta su bi hanya mafi sauƙi, a cusa wa mace ɗaya yara ashirin. Na ga yadda hakan yake. Wata da yara ke kira Anti, ɗaya goye a bayanta, tana canza wa wani kunzugu, ga na uku ya riƙe mata zani yana kuka saboda kununsa ya zube. Ita ce ta fara lura jikin wata yarinya ya yi zafi, tun kafin uwarta ta sani. Wannan aikin ne wasu ke cewa "ai zama da yara ne kawai", maganar da har yau take ƙona mini rai. A ƙarshen wata kusan rabin abin da muke ba ta a kuɗin adaidaita sahu yake tafiya.

Da ta samu aiki a shagon POS ta tafi, ban ga laifinta ba. Amma wani yaro ɗan shekara biyu ya yi kwanaki yana ƙin abinci, yana leƙen ƙofa. Yaro a wannan shekarun da mutum yake sabawa, kuma duk canjin mai reno sai ya sake sabo daga farko.

Dokar UBE ta 2004, wato ta ilimin matakin farko ga kowa, ta ambaci kula da ƙananan yara, amma azuzuwan da ke firamaren gwamnati galibi na waɗanda suka kusa shiga aji ɗaya ne. Dokar ƙwadago kuwa hutun haihuwa na mako 12 ta ba mace. Tsakanin wata uku da shekara uku an bar uwa da mai reno su sasanta kansu, alhali dukansu ba su da shi. A ganina gwamnatin jiha ce ya kamata ta ɗauki wani kaso na albashin masu reno a wuraren da ta yi wa rajista.

Mu dai abin da muka iya shi ne biyan albashi har a watannin hutu, da karɓar 'ya'yan masu reno kyauta. Hakan ya rage yawan masu tafiya, amma har na bar wurin albashinsu bai kai Naira 70,000 ba.