Talata: mota, akuya da wakilin suna

Tun jiya da dare nake duba insha'in 'yan SS2, kuma kuskure guda ne ke ta maimaita kansa, sai na ajiye darasin da na shirya, na shiga aji da littattafansu a hannu. Jimlar farko da na rubuta a allo ita ce: "My father bought a car and she is very fast." Na tambaya ina matsalar. Shiru. Can wani yaro daga baya ya ce, "Malama, ai daidai ne, mota mace ce."

Wallahi ban iya yi masa faɗa ba, don a Hausa gaskiyarsa ce. Muna cewa mota ta lalace, jirgi ya tashi, rana ta faɗi, wata ya fito. Kowane suna tilo yana da jinsinsa, kuma galibin masu ƙarewa da "a" mata ne. Ba mu da wani wakilin suna na musamman don abin da ba mutum ba, shi kuwa Turanci yana da "it". Yaron bai yi shirme ba, ƙa'idar harshen uwarsa ya bi tsaf, sai dai a gonar wani ya shuka ta.

Sai na raba allo biyu, Hausa a dama, Turanci a hagu. Na nuna musu inda mu muka fi Bature tsanani: shi "you" ɗaya ya ishe shi, mu kuwa sai mun bambanta kai da ke da ku. Nan fa aji ya ɗauki murna, kamar an ci ƙwallo. Daga nan na ce duk wakilin sunan da suka rubuta, su ja kibiya daga shi zuwa sunan da yake wakilta, su duba ko sun dace a jinsi da adadi.

Kibiyar ce ta tona asirin jimlar da ta fi ba mu dariya: "My mother bought a goat and she gave birth to twins." Wa ta haihu, Inna ko akuya? Mai jimlar ta rufe fuska da hijabi, ni ma sai da na juya wa aji baya. Amma ita da kanta ta gyara, ta sa "which", jimla ta zauna.

Inda na ɗan yi jinkiri shi ne "everybody". Mu "kowa ya kawo littafinsa" muke cewa, ko da ajin mata ne zalla. Tsofaffin littattafan nahawu "his" suka koya mana, daga baya aka koma "his or her", yanzu kuma Turawan kansu "their" suke ta faɗa, har ƙamus ɗin Merriam-Webster ya zaɓi "they" a matsayin kalmar shekarar 2019. Na gaya musu duka, amma na ce a takardar WAEC da NECO su mayar da jimlar jam'i, su rubuta "all students", su huta da rigima.

Minti goma na ƙarshe na ba wa kalmomi. "Borrow me your biro" ta ƙi barin bakinsu, saboda "ara mini" da "na ara" duk tushe ɗaya ne a wajenmu, alhali Turanci ya raba mai bayarwa da mai karɓa. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to su suna da bambancin aro da rance?" Na ce babu, kuɗi da biro duk kalma ɗaya ce. Ta ce, "Ashe su ma da saura."

An kaɗa ƙararrawa ban ba da aikin gida ba. Yanzu ga sauran littattafai a gabana, wuta ta tafi, ina dubawa da fitilar waya. Na buɗe na farko, an rubuta: "The sun is hot, she is burning us."